Babi na Biyar: Kwanakin Gandu, Kwanakin Gamana

A ƙauyukan da ke tsakanin Mayahi da Tasawa, mako yana da rabo, kuma ɗan gida yakan san rabon nan tun bai isa riƙe hauya ba. Akwai kwanakin gandu, babbar gonar gida da ke hannun maigida, wadda daga rumbunta ake ciyar da kowa, a biya haraji, a yi wa baƙo tuwo. Akwai kuma kwanakin gamana, wadda mutanen Kano da Zariya ke kira gayauna: ɗan fegin da maigida ke yankar wa matarsa, ko ƙanensa, ko ɗansa da ya tasa, ya shuka abin da ransa ke so, amfanin kuma nasa ne. A wasu gidaje kwana huɗu na gandu ne, uku na gamana. A wasu biyar da biyu. Wasu da rana suke rabawa, safiya ta gandu, bayan azahar kowa ya nufi tasa. Lissafin yakan bambanta daga gari zuwa gari, amma ba a barinsa a duhu, kuma maigidan da ya saba cinye wa mutanensa ranarsu ya san gari zai yi da shi.

Na ɗauko wannan ne saboda tambayar da ke cin matasanmu yau, tun daga malamin lakwal da aka tura wani ƙauye can arewacin Urafan har zuwa mai tallan shayi a Agadas: yaya mutum zai nemi abinci, ya riƙe iyali da dangi, sannan ya rage wani abu da zai ce wannan nawa ne, ba tare da ɗaya ya haɗiye sauran ba? An rubuta littattafai da yawa a Turai da Amurka kan wannan, kuma ba su rasa hikima ba. Sai dai an rubuta su ne domin mai ofis, mai lokacin tashi daga aiki, mai jiran ƙarshen wata. Tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar wa ma'aikatan masana'antu awa takwas a yini da 48 a mako, dokar ƙwadagon Nijar kuma ta tsaya a kan awa 40. Mutum nawa wannan doka ta shafa a Mayahi? Ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum dubu 550 a gundumar Mayahi, da fiye da dubu 500 a ta Tasawa, kuma akasarinsu ba su da mai biyansu sai ƙasa da ruwan sama. Su ma suna da tasu amsar, wadda ta girmi 1919 nesa ba kusa ba. A wurinsu ba a bar wa zuciyar mutum ita kaɗai aikin daidaita rayuwarsa ba. Gida ne ke zama ya yanka wa kowa rabonsa na ƙasa da na kwanaki, a bayyane, kowa yana ji.

Bari mu bi wata mata zuwa gamanarta a tsakiyar watan Yuli. Tun kafin assalatu ta tashi. Ta surfa hatsi, ta daka, ta je rijiya, ta dama furar da za a kai wa maza. Sai hantsi ya ɗaga sannan ta goya ƙaramin, ta saɓa hauya, ta kama hanya. Gonar ba ta da girma, kuma sau da yawa ba ita ce mai kyawun ƙasa ba, amma babu taƙin da aka bari banza. Hatsi ne a jere, wake a tsakani, gujiya a gefen da yashi ya fi laushi, riɗi da yakuwa a bakin iyaka, kuɓewa a ɗan kwarin da ruwa ke kwanciya. Ta shimfiɗe yaron a inuwar kalgo, ta tura hauya tana tafe a tsaye, kamar yadda ake noma a ƙasar yashi. Babu mai ce mata ta bar nan ta koma can. Idan kaka ta yi, damman da ta samu suna shiga ɗan rumbunta, ba na maigida ba. Gujiyar ta soya ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, ta ba yarinya ta kai talla. Daga cinikin nan ake samun jar akuya, irin ta Maradi mai yawan tagwaye, daga akuya a kai ga tunkiya, wata rana har karsana.

To, ina dukiyar nan take zuwa? A nan ne mai ganin gamana son kai ce yake kuskure. Da ita matar ke zuwa biki. Ƙawarta ta aurar da ɗiya, ta kai mata gudummawa. Ƙanwar mijinta ta haihu, ta kai ƙwaryar hatsi da sabulu. Kowace tana riƙe da lissafi a ka, domin ranar da nata bikin ya zo za a mayar mata har da ƙari. Da ita take tara wa ɗiyarta kayan ɗaki, kwano bayan kwano. Da ita take aika wa tsohuwarta goro da ɗan kuɗin cefane ba sai ta roƙi kowa ba. Masanin nan Bafaranshe, Guy Nicolas, ya shafe shekaru yana nazarin wannan musayar kyauta a ƙasar Maradi, ya nuna cewa kan ta ne mutuncin mutum da matsayinsa a gari suke tsaye. Saurayi ma haka: gamanarsa ce ke saya masa riga da takalmin sallah, ita ce toshinsa, ita ce farkon kuɗin aurensa, ita ke ba shi ƙarfin gwiwar shiga fagen kokowa bayan kaka ba da yunwa ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ba shi da komai nasa, ba shi da abin da zai kai wa kowa, kuma zumuncinsa yakan koma roƙo, shi da waɗanda yake roƙo duka su gaji.

Ba ina cewa zamanin gandu aljanna ba ne. Maigida yana da iko mai yawa, kuma ba kowane maigida ke da adalci ba. Ƙane yakan yi furfura yana noma wa wansa. Ranar da ake ce wa ta mace, sai ta gama daka da ɗibar ruwa da neman itace take fara zama tata, kuma a arewacin Mayahi, inda rijiya ke da zurfin gaba da yawa, ruwa kaɗai yakan cinye rabin safiya. Duk da haka akwai abu guda da tsarin ya tabbatar: an yarda mutum yana da haƙƙin wani yanki na ƙarfinsa, kuma an ba wannan haƙƙi ƙasa da rana.

Shekara ma rabata aka yi. Damina a nan gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan da ke sauka kuma bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba. Bayan an ɗaure damma an cika rumbu, sai maza su tafi cin rani, Kano ko Katsina ko Jos, su yi dako, su yi ga-ruwa, su yi yankan farce ko gadi. Tafiyar tana da amfani biyu: ana samo kuɗi, kuma an rage baki a kan rumbu. A gidaje da yawa maigida yakan rufe rumbun gandu kafin ya tafi, ba za a buɗe ba sai an koma noma, domin mai duƙe a gona ya sami abin ci. To, a watannin nan me mata da yara ke ci? Gamanar matar. Wannan ita ce gaskiyar da ba a cika faɗa ba: tafiyar namiji a kan ɗan rumbun matarsa take tsaye. Kuma tafiyar tana da wa'adi da kowa ya sani. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, tashoshin Kano sukan cika da masu komawa gida, domin babu namijin da ke son a ce an yi shuka ba ya nan, an ba matarsa aron sungumi.

Abubuwa uku suka taru suka karya wannan lissafi, kuma na farkonsu ƙasa ce. Tun cikin shekarun 1970, lokacin da Claude Raynaut da abokan aikinsa ke bincike a ƙauyukan jihar Maradi, har da Sarkin Hausa a nan ƙasar Mayahi, sun ga saura tana ƙarewa, gona ta haɗe da gona, babban gandu kuma yana tsagewa gida-gida saboda kowa na bukatar kuɗi a hannunsa. Daga nan jama'a ta ci gaba da ninkuwa. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna mace a jihar Maradi tana haihuwar 'ya'ya sama da takwas, fiye da matsakaicin ƙasa baki ɗaya na 7.6. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke kallonta. Idan ƙasa ta yi kaɗan, wa ake fara karɓe wa? Marthe Diarra da Marie Monimart sun bi wannan tambaya a kudancin Nijar a farkon shekarun 2000, suka tarar ana fitar da mata daga noma sannu a hankali. Amarya ta zo, ba a yanka mata gamana ba. An ce mata ta huta, an kira abin kublen gona, an sa masa rigar addini da ta gata. Akwai gidajen da da gaske don addini suke kulle, ban musa ba. Amma idan matar da aka ce ta huta da noma tana nan tana tafiyar kilomita uku neman itace, ai kowa ya san ba rana ake kare ta daga gare ta ba. Gonar ce babu.

Na biyu fari ne. Na 1973 da 1974 ya kashe noman gujiya, wadda ita ce ke kawo kuɗi tun zamanin Faransawa. Na 1984, wanda mutanen Maradi ke kira El Buhari saboda ya zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, ya koya wa mutane cin anza da jiga. Na 2005 ya cika cibiyoyin tamowa da yara. Kowane ɗaya ya bar gidaje da jinginar gona ko sayar da ita.

Na uku kuwa, wanda ya fi shafar babin nan, shi ne tsawon tafiya. Cin rani ya daina tsayawa a rani. Wanda ya ci bashi ko ya sayar da tunkiyar matarsa ya biya kuɗin mota zuwa Libiya ba zai dawo bayan wata biyar ba, domin bai ma fitar da kuɗin hanya ba. Shekara biyu, uku, wani har biyar. Da aka kifar da Gaddafi a 2011, dubun dubatar 'yan Nijar suka dawo hannu wofi, da yawansu kuma suka sake komawa da ƙura ta lafa. A 2014 aka gano zinariya a Jado, sai samari suka kwarara arewa, daga can wasu suka wuce Cibarakaten a bakin iyakar Aljeriya. Ta kudu ma hanyar ba ta da tabbas: Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, naira kuma ta faɗi har abin da ɗan cin rani ya tara a Kano ya zama ba ya sayen rabin hatsin da yake saye a da. Mutum ya tafi da niyyar dawowa shuka, sai lissafi ya hana shi, kunya ta ƙara masa wata shekara.

Yanzu a haɗa na farko da na uku. Namiji ya yi nisa, ba ranar dawowa. Mace tana gida, ba gamana. Abin da ya rage tsakaninsu waya ce da ofishin aika kuɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin Nita ko Al Izza ranar kasuwa ya san fuskokin nan: tsoho riƙe da takardar shaida a leda, matashiya da goyo tana maimaita lambar da aka karanta mata. Kuɗin nan rahama ne, kada kowa ya raina shi. Ya sayi hatsi a lokacin da tiya ta yi tsada, ya biya magani, ya rufa asiri. Amma sau da yawa ba hannun matar yake shiga ba, na uban miji ne ko wansa, ita kuma sai abin da aka ɗebo mata. Da dare takan ari wayar ƙanen miji ta aika saƙon murya ta WhatsApp, tana magana ƙasa-ƙasa don akwai kunnuwa a tsakar gida: "Maigida, ina wuni, ya aiki? Yara lafiya lau. Baba ya karɓi saƙo, Allah ya ƙara buɗi. Auta ya fara tafiya." Daga can amsa ta zo, da ƙarar injin a bayanta: "Madalla. Ki gaida Inna. Ki ƙara haƙuri, in Allah ya so bayan sallah." Wace sallar, ba ta tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Auta kuwa zai girma yana sanin muryar ubansa kafin fuskarsa.

Ina jin tausayin mutumin nan ƙwarai, kuma ba na son a karanta wannan babi a ɗauka laifi nake ɗora masa. Yana kwana a ɗaki ɗaya da mutum takwas, yana cin garin kwaki don ya aika da jika goma. Shi ma ba shi da gamana. Duk ƙarfinsa ya zama gandu, na gidan da ba ya kwana a ciki. In ka tambaye shi me yake so wa kansa, sai ya yi shiru, domin an daɗe ba a yi masa wannan tambaya ba, shi ma ya daina yi wa kansa. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka mayar da wannan hali abin yabo kawai, muna cewa namiji ke nan, ba ma tambayar abin da ya ci masa da abin da ya ci wa iyalinsa. Magabata ba su ɗauki nisan miji da wasa ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, bayan ya bincika tsawon lokacin da mace ke iya jure rashin mijinta, ya sa wa mayaƙa wa'adin 'yan watanni su dawo gida. Idan an sa wa jihadi wa'adi, neman kuɗi bai fi ƙarfin a sa masa ba.

Mai albashi kuma kada ya ɗauka ya tsira. Akasarin malaman firamare a Nijar 'yan kwantaragi ne, abin da suke karɓa kaɗan ne, kuma yakan yi jinkiri. An tura mutum ƙauyen da ba gidan haya, ya bar iyali a Tasawa ko Maradi, yana zuwa ƙarshen mako in akwai kuɗin kabu-kabu. A idon dangi kuwa shi ne wanda ya yi lakwal, shi ne ma'aikaci, don haka takardar magani tasa ce, kuɗin makarantar ƙanne nasa ne, ragon suna nasa ne. Kafin goma ga wata albashi ya ƙare, ya koma littafin bashin mai kanti. Mace ma'aikaciya, ungozoma a likita ko malama, nata ya ninka: ta tashi daga aiki ta tarar da tukunya na jiranta, kuma in aka yi mata canjin wurin aiki sai an zauna shawarar ko auren zai ɗauka. Waɗannan ba su rasa son danginsu ba. Abin da suka rasa shi ne iyakar da kowa ya amince da ita. A gandun da, ƙane bai isa ya buɗe rumbun gamanar wansa ba. A gandun albashi babu rumbu na biyu, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin gina shi sai a ce ya yi rowa, ko boko ya ɓata shi.

A nan malamanmu suna da abin faɗa, kuma ina fata su riƙa faɗarsa a hudubar Juma'a kamar yadda suke faɗar haƙƙin iyaye. Labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i sananne ne, yana cikin Buhari. Salman ya ziyarci ɗan'uwansa, ya tarar da matarsa ba ta kula da kanta domin mijin ya duƙufa azumi da tsayuwar dare. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangijinsa akwai na jikinsa da na iyalinsa, kowanne kuma sai an ba shi nasa. Da maganar ta kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salman. Ibada ce fa aka ce kada ta cinye rabon jiki da na iyali. Mai cewa ware wa kai wani abu baƙon tunani ne daga Turai, bai duba gidansu ba, bai kuma duba littafinsa ba.

Abin da ke ba ni ƙarfin zuciya shi ne, mutanen wannan yanki ba su zauna jiran a kawo musu magani ba, kuma matan ne suka fara. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani ɗan gwaji da matan karkara a jihar Maradi, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Tushensa adashen da mata suka sani ne, aka ƙara masa tsari. Mata ashirin ko talatin su haɗu rana ɗaya a mako, a kan tabarma, a inuwar da suka zaɓa. A tsakiya akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu. A kira suna, kowace ta ajiye zubinta a faranti kowa na gani, a ƙirga da ƙarfi. Wadda ta makara ta biya tara. Mai son jari ta karɓi bashi ta mayar da ɗan abin da suka amince a kai. Tun da yawancinsu ba su yi karatu ba, da ka ake riƙe lissafin, kowace ta san nata ta san na maƙwabciyarta. In zagaye ya cika a fasa asusu a raba. Wannan tsari da aka haifa a ƙauyukan Maradi yau ana bin sa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Masu rubuta rahoto sukan ƙirga kuɗin da ke cikin akwatin. Ni abin da na fi gani shi ne ranar. Matar da aka hana gona ta sami wata rana a mako wadda miji da uwar miji suka san tata ce, da wata dukiya wadda ba mai taɓawa sai da izininta, da wasu mutane da za su tambaya in ba a gan ta ba. Daga taron nan ne wasu suka sayi akuya, wasu suka karɓi jinginar gona da kuɗinsu, wasu suka koyi magana a gaban jama'a har suka tsaya takarar kansila bayan da aka fara zaɓen ƙananan hukumomi a 2004.

Ta fuskar maza kuma, abin da ya fi taimakawa shi ne duk abin da ke sa zaman gida da rani ya zama yana da amfani. Sassabin zamani yana cikinsu. Tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo da manoman Maradi suka fara barin tohon kututture a gona maimakon a sassabe shi ƙurmus, a zaɓi reshe biyu ko uku a gyara su su zama itace, gonakin jihohin Maradi da Damagaram sun sake yin itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan biyar. Gawo yana ba da taki da abincin dabba a tsakiyar rani, kalgo da sabara suna ba da itacen girki a bakin gona, wanda ke rage wa mace tafiya. A Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi, kabar goriba tana ba masu saƙar tabarma da igiya sana'ar rani. Kiwon rago don layya, noman aya, lambu inda ruwa ke kusa: babu ɗayansu da zai yi wa mutum kuɗin Libiya. Amma lissafin kuɗin Libiya ba ya cika sai an cire kuɗin hanya, da na fansa in an faɗa hannun miyagu, da shekarun da yara suka yi ba uba, kuma ba kasafai ake cire su ba.

Na san akwai gidan da duk wannan ba zai hana tafiya ba, domin damman da aka samu ba za su kai watan uku ba. Ga irin wannan gida, abin da ya rage daga tsohon tsari shi ne zaman da ake yi kafin a tafi. A da ba a bukatar zaman domin hadari ne ke yanke wa'adi. Yanzu sai an faɗa da baki, a gaban iyaye da wani dattijo ko liman: wata nawa za a yi, in wa'adi ya cika ba a samu ba za a dawo ko za a ƙara, kuma da yardar wa. Kuɗin da za a aiko, nawa ne na gida, nawa ne zai shiga hannun matar kai tsaye. Me aka bar mata wanda yake nata, ko akuya biyu ce, ko jarin ƙuli-ƙuli, ko zubin asusu na wata shida. Shi kuma matafiyin, me zai ajiye wa kansa wanda ba za a kira shi a waya a karɓe ba, domin ranar da ya dawo ya sami abin da zai tsaya a kai. Mai albashi ma zai iya yin irin wannan zama da 'yan'uwansa, ya ce ga abin da zan iya kowane wata, ga wanda ba zan iya ba. Za a ji zafinsa a farko. Magana ce mai nauyi a bakin Bahaushe, domin kunya ta hana ɗa yi wa ubansa lissafi, ta hana mata tambayar miji yaushe zai dawo. Amma kakanninmu da suka fi mu kunya sun iya cewa yau ta gandu ce, gobe taka ce, ba wanda ya ce sun yi rashin ladabi.

Akwai kuma matan da ba su tsaya ga akuya da asusu ba. Sun lura cewa gamana aro ce, miji na iya karɓewa, saki na iya raba su da ita, amma gadon uba haƙƙi ne da shari'a ta yanka musu, ko da rabin na namiji ne. A da mace takan bar wa 'yan'uwanta maza rabonta don ta sami wurin komawa in aure ya ƙi. Yanzu ana samun masu zuwa gaban mai gari da alƙali, har gaban hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, suna neman a auna musu nasu a rubuta. Wannan ya haɗa 'yan'uwa faɗa a gidaje da yawa, ya kuma tsayar da wasu matan da ƙafafunsu a karon farko. Yadda ake wannan shari'a, da abin da take jawo wa mace a cikin danginta, shi babi na gaba zai bi.